Ranar da Jinin Mai Kiwo Ya Tsufa

Kafin masu shara su gama da barandar asibiti, ita ta riga ta iso. Takan bi ta bayan ɗakin haihuwa, ta wuce ɗakin wanki inda injuna ke gurnani, ta sauka matakala zuwa wani lungu da ko ma'aikatan asibitin ba duka suka san da shi ba. A ƙarshen lungun akwai ƙofa mai ɗan gilashi a sama. Nan take ajiye jakarta, ta sauya takalmi, ta sa farar riga, ta wanke hannu har gwiwa kamar mai shirin karɓar jariri. Sannan ta buɗe wani akwati mai kama da firji, sai dai shi ɗumi yake riƙewa, ɗumin jikin mutum daidai, ta leƙa ciki ta ce, "Kun tashi lafiya?"

Ba mai amsa mata. Abin da ke cikin akwatin 'yan farantai ne na roba masu murfi, kowanne bai fi tafin hannu ba, da wani jan ruwa a kwance a ciki. Amma a cikin ruwan nan akwai masu rai, ƙwayoyin jinin mutane, dubbai a kan dubbai, suna ci suna numfashi suna haihuwa alhali masu su suna can sama a kan gado, ko ma suna gida suna shan shayi. Takan ɗaga faranti ɗaya-ɗaya ta duba a haske. In ruwan yana nan ja, lafiya lau. In ya fara komawa ruwan ɗorawa, to sun cinye abincinsu sun ɓata wurin, sai ta zuƙe tsohon da siririn bututu ta zuba musu sabo, wanda ta riga ta ɗumama don kada sanyi ya firgita su. Ba ranar hutu a wannan aiki, domin yunwa ba ta san ranar hutu ba. Shi ya sa tun tana budurwa ma'aikata suka sa mata Mai Kiwo, sunan kuma ya bi ta har ya danne na yanka.

Ni mai gyaran rediyo ne, karatuna bai yi nisa ba. Ita 'yar ƙanwar mahaifina ce, abokiyar wasana tun tana rarrafe. A rayuwata na ga ƙwai mai gwaiduwa biyu, na ga bishiyar da ta haɗiye ƙarfen shinge ta ci gaba da girma abinta, amma ban ga abin mamaki da ya kai wanda matar nan ke buɗe wa ƙofa kowace safiya ba. Yanzu da ta ajiye aiki bayan shekaru fiye da talatin, na ce ba zan bari ta fita ta ƙofar baya yadda ta saba shiga ba.

Wata rana da ta tsaya a shagona a hanyarta ta gida, na tambaye ta me suke nema ne a farantan nan da ba ya ƙarewa.

Ta ce, "Muna kallon yadda suke cin kansu."

Na ce, "A'uzubillahi!"

Ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta nuna tarin matattun rediyoyin da ke bayana ta ce, "Kai tsoho, in an kawo maka rediyo mai neman wani ɗan ƙarfe, kasuwa kake zuwa?"

"Ina na ga ƙafar zuwa kasuwa? A cikin waɗannan nake cirewa."

"To ka gama karatun."

Ga yadda ta warware mini, ni kuma na riƙe shi kamar yadda aka ba ni. Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki. Kowace ƙwaya gida ce guda, da murhunta da kayan aikinta. Kaya kuwa suna tsufa, suna lalacewa. Idan wani abu ya lalace a cikinta, ko yunwa ta matsa, sai ƙwayar ta saƙa 'yar jaka, ta naɗe tarkacen a ciki, ta kai wani wuri a cikin kanta inda ake narkarwa, ta fitar da abinci da kayan gini daga abin da jiya shara ne. Masana suna da dogon suna da suke kiran abin da shi, ma'anarsa dai cin kai.

Ta ce ƙwaya takan fito daga ɓargo ba ta da sana'a tukuna. Ranar da za ta zama mai haɗiye ƙwayoyin cuta, sai ta fara narkar da wasu kayan da ta taho da su, ta gina sabon jiki da su. Wadda ba ta iya rabuwa da tsohon kaya ba, ba ta zama komai. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne na bayan yaƙi. Idan cuta ta shigo, sojojin nan suna hayayyafa su cika jini, su yi yaƙi, in an ci nasara akasarinsu su mutu. 'Yan kaɗan ne ke saura, su ne masu tuna fuskar abokin gaba. Saboda su ne ƙyanda ba ta cika kama mutum sau biyu ba, saboda su ne allurar rigakafi ke da amfani. Suna zaune a lungunan jiki shekara da shekaru, shiru, ba wanda ya san da su, suna share ɗakinsu suna rayuwa da abin da suka share. In sharar ta tsaya, su ma sun tafi, jiki ya manta.

Na daɗe ina kallon hannuna a ranar. Ashe ina yawo da tsofaffin masu gadi a jikina da suka san cutar da na yi tun ina goye, ni da ban tuna abin da na ci shekaranjiya ba.

To a ɗakin nan akwai wata ƙa'ida: ba a gwada jinin mara lafiya shi kaɗai. Dole a ajiye faranti biyu gefe da gefe, ɗaya na mara lafiya, ɗaya na mai lafiya, a yi musu abu iri ɗaya, sannan a kwatanta. Samun mai lafiyar da zai miƙa hannu a soka masa allura ba gaira ba dalili kuwa aiki ne. Tun farkon zuwanta, ranar da aka rasa wanda zai bayar, Mai Kiwo ta naɗe hannun rigarta ta ce a ɗiba. Daga nan abin ya zama jiki. Likitoci suka zo suka tafi, ɗalibai suka zama manya suka yi furfura, amma faranti na biyu kullum nata ne. "Jinin Mama" suke ce masa. Mai wanke kwalabe, wadda ta yi shekaru tare da ita, ta ce mini in ka dubi cikin gwiwar hannunta za ka ga tabo a kan tabo, kamar bakin tsohon yadin da aka sha farkewa ana sake ɗinkewa. Ba ta taɓa ba da labarin a gida ba. Mu dai mun san ba ta son riga mai gajeren hannu.

Mai Kiwo, ke ce ma'aunin da aka auna ɗaruruwan mutane da shi ba su sani ba. Ke ce mai kiwon da ba ta taɓa shan nonon garkenta ba.

Sai ga wata yarinya da ma'aikatan jinya ke kira Tsuntsuwa, saboda in ka ɗauke ta ba ka jin nauyi. Shekarunta ba su kai na shiga makaranta da yawa ba, amma ta san asibitin fiye da gidansu. An yi mata rigakafi duka, ba a tsallake ko ɗaya ba, amma cutar da ta warke daga ita a wannan wata ita za ta sake kwantar da ita a wata mai zuwa, kamar jikinta bai taɓa ganinta ba. Yayanta ma haka ya yi ta yi har ya koma ga Allah. An yi gwaje-gwaje iri-iri, kowanne ya dawo da magana ɗaya.

Uwar yarinyar ta tare Mai Kiwo a baranda ranar da aka zo ɗibar jini, ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, an ce ke ce mai dubawa. Don Allah a gaya mini ko mene ne, ko da mummuna ne. Na gaji da 'ba a ga komai ba'. In ba a ga komai ba, ai ni ake gani. Har cewa ake ban iya riƙon yara ba."

Likitan yara, wanda kowa ke kira Dogo, mutum ne mai tunani da haƙuri. Shi ya yi zargin cewa watakila sojojin yarinyar ba su iya sharar nan ba ne, shi ya sa masu tunawa ba sa daɗewa a jikinta. In haka ne, akwai hanyar da za a bi a taimaka mata. In ba haka ba ne, shi ma ya kai ƙarshen abin da ya sani.

An sha wuya kafin a samu jijiya. An nema a hannu, an nema a ƙafa, yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Abin da aka samu bai cika ƙaramin cokali ba. Ubanta, direban bas ne, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota a hannu, ya ce, "Likita, ban raina ƙoƙarinku ba. Amma wannan shi ne na ƙarshe. Yarinyar nan ba rijiya ba ce."

Mai Kiwo ta karɓi ɗan jinin nan da hannu biyu. Tana da wata ɗabi'a da ba ta taɓa saki ba: komai ƙanƙantar abin da aka kawo mata, sai ta raba biyu. Ta tace fararen ƙwayoyin, ta zuba rabi a faranti, ɗaya rabin ta sa a 'yar kwalba ta nutsa ta cikin tulun sanyi, wani tulun ƙarfe da in an buɗe shi farin hayaƙi ke malalowa ƙasa, inda rai ke tsayawa cak ba mutuwa ba barci. Sannan ta naɗe hannun riga kamar kullum aka ɗebi nata.

Gwajin kansa yana da wani abu da ba ta taɓa sabawa da shi ba. Don a ga ko ƙwaya ta iya cin kanta, sai an sa ta yunwa. Mai ciyarwa ita ce za ta zuƙe abincin da hannunta, ta zuba ruwan gishiri tsura, ta rufe akwati ta bar su. Mai wanke kwalabe ta ce duk ranar da aka yi haka Mai Kiwo ba ta iya cin nata abincin, sai ta yi ta goge teburin da ta riga ta goge. Bayan wasu sa'o'i sai a ɗiga wani rini da ke manne wa 'yan jakunkunan nan, a shiga ƙaramin ɗaki mara taga, a kashe fitila, a duba a madubin ƙara girma. Kowace jaka takan haska kore. Yawan haske, yawan shara.

Dogo ya fara dubawa. Ya dubi na yarinyar, ɗigo-ɗigo nan da can. Ya dubi na Mama, ɗigo-ɗigo nan da can. Ya koma ya sake dubawa, ya cire tabarau ya murza ido.

"Iri ɗaya ne, Mama. Nata da na mai lafiya ba bambanci. Ba nan matsalar take ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Gobe da safe zan gaya musu."

Ya fita. Ita ta zauna a ɗakin.

Da ta tashi ta tafi gida a lokacin, ba wanda zai ce ta yi laifi. An bi ƙa'ida, faranti biyu, likita ya gani da idonsa. Amma hankalinta bai kwanta ba. Ta sake sa ido a kan farantinta. Ta san jinin nan kamar yadda mutum ya san tsakar gidansu. A da in ta sa shi yunwa ta duba, sai ta ga kamar an kwashe taurari an zuba a kwano. Yau kuwa kamar unguwar da aka ɗauke wa wuta, fitila ɗaya a nan, ɗaya can nesa. Tun yaushe ya koma haka? Ta rasa. Abin da ke raguwa kaɗan-kaɗan a gaban idonka ba ka ganin tafiyarsa.

Ta ce watakila rinin ne ya lalace. Ta gwada shi a kan wasu ƙwayoyi da ɗakin ke ajiyewa don irin wannan, suka haska tar. Ta ce watakila ƙwan fitilar madubin ne. Shi ma lafiyarsa ƙalau. Ta bi komai ɗaya bayan ɗaya har ba abin da ya rage sai abu guda, shi kuwa yana cikin hannun rigarta.

Washegari ta tare Dogo a kan matakala kafin ya isa wurin iyayen.

"Likita, kada ka gaya musu tukuna. Ma'aunin ne ya lalace."

"Wane ma'auni? Madubin?"

Ta naɗe hannun riga ta nuna masa tabon.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin nan. Ya ce ya yi tsaye kamar an dasa shi, sannan ya dafe kai. Ya san sarai cewa sharar nan tana raguwa in mutum ya manyanta, yana ma koya wa ɗalibai haka. Sun auna yarinya mara lafiya da jinin da shi ma ya gaji, shi ya sa suka zo daidai.

Ya ce, "Mama, wallahi ban taɓa kallonki a matsayin tsohuwa ba."

Ta ce, "Ni ma haka, ɗana. Jinin ne ya riga mu sani."

Ba ta tsaya nan ba. A taron ma'aikatan sashen, a gaban manya da ƙanana, ta miƙe ta ce a koma kan duk gwajin irin wannan da aka yi da jininta a 'yan shekarun nan a sake dubawa. Ba wanda ya tilasta mata. Wasu suka sunkuyar da kai don nauyinta, ita kuwa kanta a miƙe.

Saura yanzu a samu jinin mai ƙuruciya, a ta da rabin da ke cikin tulun sanyi. Shi ke nan abin da ya rage na Tsuntsuwa. In ya salwanta, ba wani.

Da la'asar ta zo shagona ta zauna a kan benci. Ta gaya mini halin da ake ciki. Ni kuwa nan take na miƙa hannu na ce ga nawa, a ɗiba ko kwalba guda ne.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Ai naka in aka sa shi yunwa sai dai a yi masa salla. Na ce maka nawa ya tsufa, kai da ka goya ni kake miƙo hannu?"

"To ɗaliban fa?"

"Mura ta bi su duka, jininsu a hargitse yake yanzu. Ina son wanda na san lafiyarsa ciki da waje." Sai ta ce, "Auta."

Na kwashe da dariya. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, tela ce, matar aure da shagonta a bakin titi. Yini take da allura a hannu, wata ma a baki, amma in ta hango ta asibiti sai ta nemi hanyar gudu. Muka tafi tare, don ba zan bari wannan kallo ya wuce ni ba.

Muka same ta tana taka keke. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ɗaga ƙafa daga keken ta ce, "Umma, ni? Duk garin nan ba a samu mai jini ba sai ni?"

"Cokali ɗaya ne."

"Haka kika ce ranar da na suma a layin rigakafi." Ta ja zare ta datse da haƙori. "Kawu, ka gan ta nan. Tun muna yara farantan nan ake fara ba abinci kafin mu. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta tana can tana sauya musu ruwa. Yanzu kuma jinina za a ba su."

Da wasa ta faɗa, amma ba wasa ba ne duka, mu ukun mun sani. Mai Kiwo ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Gaskiya kika faɗa. Na rage muku na ba su." Sannan a hankali ta ture hannun riga, abin da ba ta taɓa yi a gaban 'ya'yanta ba. "Da nawa nake yi. Yanzu ya daina. Akwai wata yarinya da uwarta ke jiran amsa, rabin cokali ya rage mata a duniya, ni kuma ba ni da abin da zan auna shi da shi."

Auta ta daɗe tana kallon tabon nan. Ta sa yatsa ta taɓa. Ta tashi ta rufe keken da yadi.

An ɗebi jininta idonta a rufe gam, tana riƙe da hannun mai wanke kwalabe tana cewa a gaya wa mijinta ta yafe masa. Ba ta suma ba, ko da yake har yau tana cewa saura kaɗan.

Ta da ƙwayoyi daga tulun sanyi shi ne wuri mafi haɗari. Da yawa ba sa farkawa. Mai Kiwo ta ciro 'yar kwalbar cikin hayaƙi, ta tsoma ta a ruwan ɗumi tana juyawa a hankali, ta riƙa ɗiga musu abinci ɗigo-ɗigo kamar mai ba wanda ya farfaɗo daga suma ruwa. Ta sa su a akwati ta bar su su dawo hayyacinsu. Da ta duba washegari, wasu sun mutu, amma waɗanda suka rage sun isa. Da kyar suka isa. Sai kuma ga abin da zuciyarta ba ta so: waɗannan da ta lallaɓa suka farka, ita ce za ta janye musu abinci. Mai wanke kwalabe ta ce ta ga ta tsaya da bututu a hannu, leɓenta na motsi, sannan ta zuƙe.

Da lokaci ya yi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce Auta ta shigo, ni ma da na biyo su na zauna a baranda ta ce a ba ni riga da takalmi. Muka cushe a ɗan ɗakin nan mu huɗu da Dogo, aka kashe fitila, rana tsaka amma duhu kamar cikin tulu.

Ta fara sa farantin Auta. Ta duba. Sai na ji numfashinta ya sauya. Ta matsa ta ce, "Zo ki ga kanki."

Auta ta sunkuya. Sai muka ji ta ce, "La ilaha illallahu. Umma, wannan duk a jikina yake?"

"Duk naki ne. Suna jin yunwa, suna shara, suna rayuwa."

"Haka naki yake?"

"Haka yake a da."

Da aka ba ni wuri na sa ido, wallahi sai da na riƙe gefen tebur. Na zaci zan ga jini. Sama na gani. Kowace ƙwaya da taurarinta kore shar, wasu a tattare, wasu a warwatse, ɗaruruwa a cikin abin da bai kai kan allura ba. Na tsufa ina ɗaga kai in kalli sama, ashe akwai wata a ƙarƙashin fatar kowane mai tallan ruwa da ke wucewa ta gaban shagona.

Sannan aka sa na Tsuntsuwa. Duhu, da 'yan fitilu nan da can. A gefen na Auta, ko ni da ban yi karatu ba na ga bambancin. Dogo ya duba ya sake dubawa, ya miƙe tsaye har kansa ya bugi fitilar da aka kashe, ya ce, "Ga shi. Mama, ga shi nan."

Shi ya yi wa iyayen bayani, amma ya ce sai Mai Kiwo ta zauna a wurin. Uwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato an ga wani abu?"

"An gani."

"Ba riƙona ba ne?"

Mai Kiwo ta ce, "'Yata, riƙonki ne ma ya kawo ta yau. Da haka aka halicce ta. Ba abin da kika yi, ba abin da kika bari."

Matar ta rufe fuska da mayafi. Direban ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Ba zan ce an warkar da yarinyar ba, don ba haka aka gaya mini ba. An bi sawun abin da aka gani da wasu gwaje-gwajen, aka fara ba ta kariya daga waje, wani ruwa da ake tacewa daga jinin masu lafiya ana ƙara mata lokaci-lokaci, tunda nata sojojin ba sa riƙe tunani. Abin da na gani da idona shi ne, kwanakin baya ta zo asibitin da jakar makaranta a baya, tana tsalle a kan matakalar nan ɗaya-ɗaya, uwarta na bin ta tana cewa ta yi a hankali. Ma'aikatan jinya sun ce sunan Tsuntsuwa ya fara yi mata kaɗan.

Yanzu a ɗakin ba a ƙara dogara da hannu ɗaya. Ana neman wanda shekarunsa suka dace da na mara lafiya, kuma ba wanda ke zama ma'auni har abada. Mai Kiwo ta yi makonninta na ƙarshe tana kwashe kabad ɗinta. Ta rarraba kayan aikinta ga masu tasowa, ta zubar da abin da ya lalace, ta tsaya a bayan kowannensu tana kallon yadda yake riƙe bututu. Da na ce mata ba ta jin ciwon rabuwa, sai ta ce, "Ka manta karatun da na yi maka? Wadda ba ta iya sakin tsohon kaya ba, ba ta zama komai."

Mai Kiwo, ke ce kika ciyar da abin da ido ba ya gani, shekara da shekaru, ba tafi ba guɗa. Ke ce kika ba da jininki har ya gaji, kuma da ya gaji ke kika fara faɗa, a ranar da yin shiru ya fi sauƙi kuma ba mai kama ki. Mun gode, abokiyar wasana. Na gode a madadin waɗanda aka auna da ke ba su san sunanki ba, da uwar da ta daina sunkuyar da kai a unguwa, da yarinyar da ke tsalle a kan matakala. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa masu gadin jikinki su daɗe suna shara ko da a hankali ne.

Ku kuma da kuka daɗe a bakin aikinku har mutane suka daina duba ku, suka koma duba komai da ku, malami ne ko tela ko direba ko mai gyaran rediyo irina, ku yi koyi da ita. Ku riƙa ajiye aikinku a gefen na masu tasowa ku duba da gaskiya. In kun ga fitilunku sun ragu, kada ku jira a gaya muku.

Auta har yanzu tana zuwa in an kira ta. Takan rufe keke da yadi, ta zo ta miƙa hannu ta rufe ido gam. Ranar da uwarta ta yi sallama da ɗakin, ta riƙe mata hannun nan ta ce, "Naki ma zai tsufa wata rana."

Auta ta ce, "In ya tsufa ni zan fara faɗa, Umma. Ai na ga yadda ake yi."